Ranar da Inna Ta Danna Samah

Kwamfutar Yaya ta iso gidanmu a Gadarif cikin ƙullin bargo, tare da tukunya ɗaya da takalman yara. Matarsa ce ta ɗauko ta daga Hartum lokacin da yaƙi ya koro su, ita da 'ya'yanta. Shi Yaya bai biyo su ba. Wai zai tsaya ya ga abin da hali zai yi, kada a bar gida ba kowa. Gidan haya fa! Da na ji haka na ce wannan taurin kai ba a ƙasa ya tsince shi ba, na juya na kalli Inna. Ita kuwa ta ci gaba da tankaɗen garinta kamar ba da ita nake ba.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Wancan ya ci abinci? Ku ce wa wancan ya kwashe takalmansa daga hanya. Wannan ba komai ba ne, kunyar ɗan fari ce, kakanninmu sun taho da ita tun daga yamma a kan hanyarsu ta Makka, kuma ba su yar da ita ba ko da suka yada zango a nan suka zama manoman dawa da riɗi. Amma tsakanin Inna da Yaya akwai wani abu a kan kunyar, kuma kowa a gidan ya san shi.

Shekaru kafin yaƙin, Inna ta je Hartum a yi mata aikin ido. Yaya ne ya yi ta ɗawainiya da ita, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar da za a cire mata bandeji sai ya biya da ita ta wurin aikinsa don ya nemi izini. Suna tsaye a bakin ofis, abokan aikinsa sun kewaye su suna gaishe ta, sai Inna ta ɗaga murya yadda ta saba a tsakar gida, ta tambaye shi da Hausa inda za ta yi alwala. Yaya ya sunkuyo, ya ce mata da Larabci, a hankali, ta rage murya, kuma ta yi magana da harshen da mutane ke ji. Inna ta iya Larabci kamar kowa. Ita ce ke sa 'yan kasuwar Gadarif su yi gumi a kan farashin albasa. Ba rashin fahimta ba ne. Ta fahimta sarai, shi ya sa abin ya zauna mata.

A wurinmu ba a rabuwa sai an nemi afu. Ko ƙauyen Simsim za ka je gona ka yi damina, sai ka durƙusa gaban uwarka ka ce ta yafe maka, ita kuma ta ce ta yafe duniya da lahira, sannan ka ɗauki jakarka. Ranar da Inna za ta dawo, Yaya ya durƙusa a tasha ya ce, "Afu, Inna." Ta gyara tob ɗinta, mayafin nan namu na nan, ta hau mota.

Tun daga nan haka abin ya zama. Yakan zo da Sallah, ta dama masa godogodo da hannunta, furarmu ta nan, ta sa masa nono mai yawa yadda yake so. Ranar komawa ya durƙusa ya nemi afu, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, kowa ya shaida, na sha tare ta.

"Inna, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mutum ya yi kuskure sau ɗaya, sai a riƙe shi har kabari?"

"Ke malama ce a makaranta," in ji ta, "ba a ɗakina ba."

Gaskiya ne, malamar Larabci ce ni a firamare, ko da yake a lokacin da nake ba da labari makarantar tamu ta cika da waɗanda suka gudo, allon ajina ma an rataye masa wanki.

Da farko Yaya yana kira. Yau ya ce ba ruwa, gobe ya ce an samu. Sai kiran ya tsaya. Muka yi ta neman lambarsa. Wata rana aka ɗauka, muka ji muryar wani namiji da ba mu sani ba, ya yi dariya ya kashe. Daga nan wayar ba ta sake shiga ba. Na tambayi duk wanda ya sauko daga mota da ƙura a kansa, ba wanda ya gan shi. Zan faɗi abin da ke cina a lokacin ba tare da kwana ba: ba mutuwar kawai nake tsoro ba, kowa zai mutu. Tsorona shi ne Yaya ya tafi lahira ba afuwar Inna, ita kuma ta rayu da kalmar a maƙale a maƙogwaronta, ba wanda za ta ba.

Inna ba ta tambaya. Uwa ba ta tambayar ɗan fari a gaban mutane. Amma duk sanda wayata ta yi ƙara, sai ka ga shara ta kawo ta daidai ƙofar ɗakina, tana share wurin da ta riga ta share. In na gama magana na ce ba shi ba ne, sai ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Ana cikin haka matar Yaya ta faɗa mini wata magana da ta riƙe a cikinta. Ta ce ranar da za su rabu ya gaya mata, in wayarsa ta ɓace, ta duba barid ɗinsa, wato akwatin imel ɗin da ke cikin kwamfutar. Yaya ba ya riƙe lambar waya a ka, ko tasa sai ya duba. Amma kalmar sirrin barid ɗinsa tana kansa. Ya ce duk inda ya samu shabaka, wato intanet, zai shiga ya rubuta wa kansa saƙo, ita kuma ta buɗe a nan ta gani.

Na ce, "Yanzu kike faɗa? Muna nan muna mutuwa a tsaye, ke kina zaune a kan magana kamar kaza a kan ƙwai?"

Ta ce igiyar cajin ta baro ta a Hartum, kwamfutar kuma ta mutu tun a hanya.

Washegari na naɗe kwamfutar a cikin tob ɗina na nufi kasuwa. Damina ce, kuma wanda bai san laƙar Gadarif ba bai san laka ba. Baƙa ce, mai kama ƙafa, takalmi ɗaya sai ya koma nauyin tubali. Raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta ƙi shiga unguwarmu, na tafi da ƙafa ina zagin hanya da wanda ya ce zai gyara ta. A layin masu gyaran waya na yi ta nuna bakin kwamfutar shago shago, har wani dattijo mai tabarau ya tono mini tsohuwar igiya daga ƙarƙashin tebur, an ɗaure wuyanta da salatif. Ya ce in ta yi zafi in cire. Na dawo gida da laka har gwiwa, ina jin kamar na ci yaƙi.

Da wuta ta zo muka sa caji. Matar Yaya ta san kalmar da ake buɗe kwamfutar da ita, don takan kunna wa yara zane mai motsi. Ta buɗe, na haɗa mata shabaka daga wayata, ta taɓa hoton ambulan. Tsofaffin saƙonni suka bayyana, na kafin yaƙi, maganar aiki da gaisuwar Sallah. Kafin sababbi su shigo sai wani ƙaramin akwati ya faɗo tsakiyar allon. Da Larabci yake, don da shi Yaya ya saita na'urarsa. Yana cewa manhajar barid tana son ta yi amfani da bayanan sirri da aka ajiye a cikin silsilar mabuɗai. A ƙasa akwai wurin rubuta kalmar buɗe kwamfuta, sai maɓallai uku: Rafd, Samah, da Samah Da'iman. Wato a ƙi, a bari, ko a bari kullum.

Matar Yaya ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Sannan ta danna Rafd.

"Me kika yi?"

"Mabuɗansa ake nema," ta ce. "Wa ya sani ko waɗanda suka ɗauke wayarsa ne?"

To, wannan magana ce. An sha ba da labarin mutanen da aka shiga wayoyinsu aka yi ta yaudarar danginsu da sunansu. Na sake taka laka na koma wurin dattijon nan, na karanta masa abin da na kwafo. Ya saurara, ya ce ba ɓarawo ba ne. Kwamfuta tana da wani ɗan ɗaki a cikinta inda take ajiye kalmomin sirri, shi ne silsilar mabuɗan. Manhajar barid tana son ta ɗauki nata mabuɗin ta buɗe akwatin mai ita, kwamfutar kuma ba ta miƙawa sai mai gida ya ce to. Ya ce wataƙila manhajar ta sabunta kanta da ta ji shabaka, shi ya sa aka tsayar da ita a ƙofa kamar baƙuwa. "Tunda ku kuka buɗe ta da hannunku, kuma sunanta ne a rubuce, ku bari. In wani suna kuka gani da ba ku sani ba, shi ne za ku ƙi."

Na dawo da gudu na kawo wannan albishir, ina tsammanin an gama. Ina! Matar Yaya ta ce ita fa ba za ta miƙa mabuɗan mijinta ba. Ta ce lokacin da mahaifinta ya rasu, bayan an share makoki, an kawo mabuɗansa a kan faranti aka buɗe akwatunansa a gaban 'yan'uwa. Ita a saninta, ba a taɓa mabuɗan mutum sai ya mutu. Na ce mata wannan ba mabuɗin ƙarfe ba ne, kuma shi da bakinsa ya ce ta duba. Ta ce ya ce ta duba, bai ce ta ba da mabuɗi ba. Na ce wallahi da na san kalmar da tuni na danna. Ta ce ai shi ya sa ba ta gaya mini ba.

Haka muka yi ta yi. Kullum da hantsi in shabaka ta yi ƙarfi sai ta buɗe, akwatin ya faɗo, ta zuba masa ido, ta danna Rafd, ta zauna tana kallon tsofaffin saƙonni ko sabo zai ratso ta wata hanya. Ni kuma in yi tsaki in tashi. Na kira ta matsoraciya. Ta kira ni marar tausayi. Rannan da na matsa mata har ta fashe da kuka, sai gaskiyar ta fito.

"In na buɗe na tarar ba komai fa?" ta ce. "Yanzu ina cewa saƙonsa yana ciki, ƙofa ce kawai a rufe. In na buɗe na ga wayam, me zan ce wa yaran nan?"

Ni ma ashe tsoron nan yana cikina, na lulluɓe shi da faɗa ne kawai.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke. Muna zaune a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, a kan angarib, gadonmu na igiya, kwamfutar tana kan cinyar matar Yaya, akwatin nan a buɗe yana jiranmu. Mun sake ɗaukar musun daga inda muka ajiye shi jiya, murya ƙasa ƙasa don kada Inna ta ji. Ita tana gefe tana soya bun, 'ya'yan gahawa, a kasko za ta haɗa jabana, gahawarmu ta nan. Ban san lokacin da muryata ta hau ba, ni dai na ji kaina ina cewa, "Ki danna Samah mana! Samah kawai yake nema!"

Ƙarar cokali a kasko ta tsaya.

Inna ta sauke kaskon, ta goge hannu a zaninta, ta ɗauko tabarau daga cikin gwangwanin da take ajiye allura, ta zo ta tsaya a kanmu. Ba ta taɓa kallon kwamfutar nan ba tun da aka kawo ta. Karatun Inna na allo ne, da yatsa take bin harafi, a hankali, kamar yadda take bin Mus'hafi bayan asuba. Ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Sin. Mim. Alif. Ha." Ta ɗago. "Samah. Wa ke neman samah?"

"Na'urarsa ce, Inna," in ji matar Yaya.

"Ta wancan?"

"Eh."

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Kullum in mun buɗe sai ya fito."

"Kullum." Inna ta maimaita. Ta sake sunkuyawa. "Ku kuma me kuke ce masa?"

Ta bi da yatsa zuwa maɓallin farko, ta haɗa harafin da kanta. Rafd. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi.

"Kun ce masa an ƙi? Da izinin wa? Wa ya aike ku? Ni na taɓa buɗe baki na ce na ƙi? Yaro yana can inda Allah kaɗai ya sani, yana aiko da neman yafiya kullum, ku kuna zaune a kan angarib ɗina kuna mayar masa da ita!"

Ga inda abin yake. A Larabci kalmar samah fuska biyu gare ta. Akwai samah na izini, a bar ka ka wuce. Akwai samah na yafiya, wanda muke ji a bakin mutane kullum, samihni, ka yafe mini. Wanda ya rubuta maɓallin na farko yake nufi. Inna kuwa na biyun kaɗai ta sani a rubuce, kuma shi take jira shekara da shekaru, ko da yake an sha kawo mata shi har gabanta tana kau da kai. Ni malamar Larabci ce, cutar gyara tana jinina. Na buɗe baki na ce, "Inna, ai wannan samah ɗin ba..."

Matar Yaya ta kama naman cinyata ta murɗe. Wallahi sai da wurin ya yi baƙi. Na haɗiye sauran maganar tare da ihun.

Inna ta zauna a bakin angarib, abin da ba ta yi in surukarta tana kai. Ta nuna maɓalli na uku.

"Wannan mai tsawon fa?"

"Samah da'iman," na ce, ina shafa cinya. "Kullum. Ba sai an sake tambaya ba."

Ruwan daren jiya yana ɗiga daga ciyawar rakuba cikin bokiti. Bun ɗin da ta sauke yana ta hayaƙi a kasko, ba wanda ya kula. Na ga leɓenta yana motsi, ban ji abin da take faɗa ba. Can ta ce, ba da mu ba, "In za a yi, a yi mai gaba ɗaya."

Ta danna gilashin da babban yatsa, da ƙarfi, har allon ya yi baya. Ba abin da ya faru. Na ce mata wannan ba kamar waya ba ce, sai an kai kibiya. Na ja kibiyar na ɗora a kan maɓallin, na kama yatsanta na sa a inda ake dannawa. Ta danna.

Akwatin ya girgiza hagu da dama, ya tsaya yadda yake.

"Kai ya girgiza mini?" in ji Inna. "Ni?"

"A'a, Inna, kalmar buɗewa yake so tukuna."

Muka juya muka kalli matar Yaya. Yanzu ba sauran musu. Ba za ta iya ce wa Inna a'a ba, kuma ina jin ta gaji da ɗaukar ƙofar nan ita kaɗai. Ta rubuta kalmar da yatsa ɗaya, hawaye yana sauka a kan maɓallan, tana gogewa da gefen tob.

"Sake dannawa, Inna."

"Sau nawa zan yafe wa mutum ɗaya?" ta ce. Amma ta danna.

Akwatin ya ɓace. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a gefe. Shabakar Gadarif ba ta san gaggawa ba, ranar kuwa kamar da gangan take yi. Na ɗaga wayata sama, na miƙe tsaye a kan angarib, na nufi da ita wajen bishiyar maƙwabta inda muke ganin ta fi kamawa. Matar Yaya ta rufe fuska da hannu biyu. Inna ce kaɗai ke kallon allon kai tsaye.

Sai na'urar ta yi wani ɗan ƙara, ƙil. Ta sake. Ta sake. Layuka masu baƙin rubutu suka fara sauka, wasu tarkacen talla ne, amma a tsakaninsu ga sunan Yaya, daga shi zuwa shi, ɗaya a kan ɗaya.

"Yana nan!" Na diro daga angarib. "Ke, buɗe idonki, yana nan! Na sama ma na wannan makon ne!"

Ban san ina da sauran hawaye haka ba. Na karanta musu da ƙarfi, ina tsayawa ina jan hanci. Saƙonnin gajeru ne, na mutumin da ake jira ya tashi a ba wani wuri. An karɓe masa waya a wani shinge. Ya bar gidan. Ya fita daga birni da ƙafa tare da wasu mutane. Ƙaya ta shige masa tafin ƙafa ta yi ruwa, yana kwance a wani ƙauye, limamin garin ya ba shi wuri a zaure. Akwai mai shago da ke da shabaka, in ya iya takawa yakan je. Kowane saƙo da tambaya ɗaya yake ƙarewa: kun isa? Na baya bayan nan ma ba labarin komai a ciki. Cewa ya yi, in akwai mai ganin wannan, don Allah ya amsa ko da harafi ɗaya ne.

Ashe duk kwanakin da muke nan muna tsoron ya mutu, shi yana can yana tsoron mu ne ba mu iso ba.

Matar Yaya ta faɗi ta yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tashi da laka a goshi tana dariya. Ta rungume ni, ni da na kira ta matsoraciya. Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗuna, na zauna daɓas. Yunwa ta kama ni nan take, irin wadda na manta da ita tun da kiran ya tsaya. Maƙwabta suka ji hayaniya suka leƙo ta kan katanga, wata ta rangaɗa guɗa tun ba ta san dalili ba.

Muka rubuta masa amsa, ni ina bugawa, matarsa tana faɗa, muna katse juna. Na juya na ce, "Inna, me za a ce masa daga gare ki?"

Ta riga ta koma wurin kaskonta. Bun ya ƙone ƙurmus. Ta zubar, ta ɗebo wani.

"Ki ce ya sa wa ƙafar gishiri da ruwan ɗumi," ta ce. "Kuma kada ya taka laka da ita."

Bayan kwana biyu, cutar gyaran nan ta motsa mini. Na ga bai kamata in bar tsohuwa cikin kuskure ba. Na same ta ita kaɗai tana tsince dawa, na fara yi mata bayani a hankali, cewa akwatin nan ba Yaya ne ya aiko shi ba, na'ura ce ke neman izinin ɗaukar mabuɗi, kalmar ce kawai ta zo ɗaya. Ta bar ni na gama tsaf, har da misalai, kamar ina gaban aji.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Ke kin san abin da aka rubuta," ta ce. "Ni na san abin da na danna."

Ban sake tayar da maganar ba.

Yaya ya iso bayan ruwa ya ja baya, lokacin da riɗi ya fara fari a gonaki. A bayan motar dawa ya zo, yana ɗingishi, ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Gidan ya cika da mutane, kowa yana son ya taɓa shi. Inna tana ɗakinta, ba ta fito ba, uwa ba ta tarbar ɗan fari a ƙofa. Da aka ragu ya wanke fuska, ya nufi ɗakin, ni da matarsa muna biye, don ba za a yi wannan ba mu gani ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya sunkuyar da kai.

"Inna, na yi tunanin zan mutu ban ji daga bakinki ba. Abin da na yi miki a..."

"An wuce wurin," in ji Inna.

Ya ɗago, bai gane ba. Ya kalle ni, na kalli rufin ɗaki.

"Inna, afu nake nema."

"Na ce an wuce wurin. An ba ka tun kana can, mai tsawon ma aka ba ka, wanda ba a sake tambaya." Ta tura masa kwano da ƙafarta, tana kallon bango, idonta ya cika taf. "Tashi daga kan ciwon nan ka ci abinci."